Baƙin allo mai gida biyar, mai dubawa ɗaya

Wani sabon yayi ya shigo wa masu rubuta manhaja tun daga 2025, kuma bai daɗe ba ya iso mu a Garwa da Marwa da Injamena. Za ka ga saurayi ya buɗe kwamfuta, allon baƙi ƙirin an raba shi gida huɗu ko biyar, rubutu na ta zuba a kowane gida ba mai taɓa komai. In ka tambaya sai ya nuna maka da yatsa: wannan yana gyara shafin shiga, wancan yana rubuta gwaji, wato ɗan rubutun da ke duba ko manhajar na aiki daidai, na ƙasan nan yana haɗa manhajar da Orange Money. Shi kuwa gogan naka ya jingina, kofin shayi a hannu. 'Yan aike ne na ƙirƙirarriyar basira, irin su Claude Code da Codex da Gemini CLI da Aider, aka jera su a taminal guda, mutum ɗaya na raba musu aiki.

Ra'ayina a kan abin ba shi da kwana-kwana. Kayan aiki ne mai kyau, har ina ganin ya fi dacewa da mu a kan mutanen da suka ƙera shi. Sai dai adadin 'yan aiken da ya dace mutum ya saki yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce abin da idonsa zai iya karantawa ya fahimta kafin ya miƙa wa mai aiki. Duk wanda ya tsallake wannan ya koma sayar da abin da shi kansa bai san mene ne a ciki ba, ko da allonsa ya fi na kowa ban sha'awa.

Ga wanda bai san harkar ba, taminal shi ne tagar nan da ake ba kwamfuta umarni da rubutu zalla, ba hoto ba dannawa. Ɗan aike kuma manhaja ce da kake gaya wa buƙatarka da maganar mutane, da Faransanci ko Turanci, ita kuma ta shiga fayilolin aikinka ta karanta, ta canza, ta kunna gwaji, in ya faɗi ta sake gyarawa, har sai ta ga kamar ta gama. Ƙwaƙwalwar ba a kwamfutarka take ba, tana can cikin manyan na'urorin kamfanin da ya yi ta. Anthropic ta fito da Claude Code a Fabrairun 2025, OpenAI ta biyo da Codex na taminal a Afrilu, Google ta saki Gemini CLI a Yuni. Da mutane suka ga ɗan aike yakan ɗauki mintuna yana fama kai kana zaune, sai dabarar ta zo da kanta: me zai hana a saki na biyu kafin na farko ya dawo?

Matsalar ita ce in ka saki biyu a folda ɗaya, wannan na rubutu wancan na gogewa. Manhajojin da ke kula da su da yawa, irin su Claude Squad, ba wani sihiri suka zo da shi ba, tsofaffin kaya biyu suka haɗa. Ɗaya shi ne tmux, wanda Nicholas Marriott ya rubuta tun 2007, mai raba taminal gida-gida, kuma aikin da ke ciki ya ci gaba da tafiya ko ka rufe tagar. Ɗayan shi ne Git na Linus Torvalds, na 2005, mai ajiye tarihin duk canjin da aka yi wa aiki, musamman sashen da aka ƙara masa a 2015 mai suna worktree, wanda ke buɗe aiki ɗaya a foldoji daban-daban, kowace da nata reshen, wato kwafin aikin da ake canzawa ba tare da an taɓa na asali ba. To kowane ɗan aike a ba shi ɗakinsa da reshensa. Kai kuma kana da jerinsu a gefen allo, ka ga wanda ke aiki, da wanda ya tsaya yana jiran izini, da wanda ya ce ya gama. Ka shiga wurin wanda ya gama, a nuna maka abin da ya ƙara da kore, abin da ya cire da ja. In ka yarda ka haɗe shi da babban reshe, in ba ka yarda ba ka jefar.

Na ce ya dace da mu, kuma ba don in faranta wa samari na faɗa ba. Jihohin arewacin Kamaru uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, kusan duk wutarsu ta dogara ne da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982, mai ƙarfin megawat 72 idan injinanta huɗu suna juyawa yadda ya kamata. Shekarar da damina ta yi rowa kuwa, ruwan ya ja baya, kowa ya san yadda Maris da Afrilu suke zama a Garwa: zafi ya haura 40, wuta ta zama ta rabo, unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage raɗaɗin, amma ba su kawar da shi ba. Mai rubuta manhaja a nan da batirin kwamfutarsa yake tsara yininsa.

A irin wannan hali taminal rahama ce. Ka yi hayar wata ƙaramar kwamfuta a Turai, wadda ake kira saba, 'yan yuro kaɗan a wata. Ka shiga cikinta ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ka kunna tmux, ka ba ɗan aike aikinsa a can. Wuta ta ɗauke a Yelwa, batiri ya mutu, rezo ya ɓace, duk ba ruwansa, yana can yana aiki. In wuta ta dawo ka sake shiga, ka tarar da allon yadda ka bar shi, da ƙarin abin da aka yi a bayanka. Akwai ma Mosh, wanda aka yi a 2012 musamman don layin da ke yankewa, da Termux da ke sa taminal a wayar Android, har mutum ya leƙa aikinsa yana zaune a tashar mota. Abin da ke ratsa layinka haruffa ne kawai, ba su kai nauyin bidiyo ɗaya na TikTok ba, tunda nauyin aika fayiloli yana tsakanin sabar ne da kamfanin. Tsohuwar kwamfutar gwanjo da manyan manhajoji ke sa ta haki, taminal ba ya dame ta. Mutumin Kalifoniya don gayu yake amfani da tmux, mu don larura.

Kada dai a manta komai a kan igiya ɗaya yake rataye. Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, Kamaru na cikin ƙasashen da suka ji a jikinsu. Chadi kuwa da yake ba ta da teku, tata igiyar ta Kamaru ko Sudan take bi, in an yi tuntuɓe a hanya Injamena ce ke faɗuwa. A irin wannan ranar, wanda ya iya aikin da hannunsa zai ci gaba, wanda raba aiki kawai ya iya zai zauna ya jira. Amma wannan ba shi ne babban abin da ke damuna ba.

Wanda ya taɓa zuwa kasuwar auduga a ƙauyukan da ke kewaye da Garwa lokacin da Sodecoton ke saye zai gane abin da nake nufi. Amalanke na ta shigowa, ɗauri a kan ɗauri, amma sikelin ɗaya ne, kuma sai an duba kowane ɗauri an auna an rubuta. Ka ƙara amalanke goma, layi ne zai yi tsawo, awon ba zai ƙara sauri ba. Hanya ɗaya ce tak ta kammalawa da wuri, wato a daina ɗorawa a sikeli a riƙa rubuta nauyi da ka. Haka mai 'yan aike biyar yake. Rubutu ya yi arha, karatu na nan a farashinsa na da. Ɗan aike ɗaya zai iya zubo maka ɗaruruwan layuka kafin ka gama alwala, kai kuma karanta su da fahimta, ka bi inda kowane canji ya taɓa, sai ka zauna ka natsu. In biyar suka gama a lokaci guda, ko dai huɗu su jira ka, ka ga ba ka ci ribar yawansu ba ke nan, ko kuma ka fara wucewa da ido kana danna amincewa. Mafi yawan waɗanda na gani na biyun suke yi, kuma ba su ma san sun fara ba.

Cewa ba su sani ba, ba zargi ba ne. A Yulin 2025 wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna METR ta fitar da sakamakon wani gwaji da ta yi da ƙwararrun masu rubuta manhaja 16, a kan ayyuka 246 cikin manhajojin da suka daɗe suna aiki a kansu. Kafin a fara sun yi hasashen ƙirƙirarriyar basira za ta rage musu lokaci da kashi 24 cikin 100. Da aka auna, sai aka ga lokacin ƙaruwa ya yi da kashi 19. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne bayan an gama, sun tashi da imanin cewa sun yi sauri da kusan kashi 20. Mutanen ba su da yawa, kayan aikin na farkon 2025 ne, kuma an inganta su tun daga lokacin, don haka ba zan ce wannan ya yanke hukunci a kan kayan yau ba. Abin da na ɗauka a ciki ɗaya ne: ganin rubutu na gudu yana sa mutum ya ji aiki na gudu, ko da agogo bai yarda ba. In haka ta faru ga ƙwararre mai taga ɗaya, ina ga ɗan koyo mai biyar?

Tun a 1975 Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani katafaren aikin manhaja a kamfanin IBM, ya yi gargaɗin cewa ƙara ma'aikata a aikin da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi, saboda kowane sabo sai ya daidaita da sauran. Lissafin ba wuya: tsakanin biyu hanyar saɓani ɗaya ce, tsakanin biyar goma ce. Ma'aikata mutane ma da sauƙi, suna haɗuwa wurin cin abinci wani ya ce wa wani, kai, ni ma fa na taɓa wurin nan. 'Yan aiken da aka killace kowa a reshensa ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ke yi. Killacewar ce ta hana su taka juna, ita ce kuma ta hana su sanin juna. Duk daidaitawar a kan mutum ɗaya take taruwa.

Kwanakin baya wani ƙanena a sana'a ya kawo mini aikin da ya yi wa wani Alhaji mai shagon kayan gini, siminti da kwano da rodi: manhajar fitar da rasit, da lissafin kaya, da littafin bashi. Yaro ne mai kaifin kai, ba malalaci ba. Ya juyo mini allon yana murmushi.

"Yaya, dubi, duk gwaji ya yi kore, ya wuce. Gobe zan kai wa Alhaji."

"To madalla. Nuna mini inda ake lissafin TVA."

Ya bincika, sai ga wuri biyu. Ɗan aiken da ya yi shafin rasit ya rubuta nasa lissafin TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan ciniki, wanda ya yi rahoton wata shi ma ya rubuta nasa. Na farko an gaya masa harajin Kamaru, ya sa 19.25 cikin 100. Na biyu ba a gaya masa ba, da Faransanci aka yi masa magana, sai ya ɗauka a Faransa yake ya sa 20. A cinikin sefa miliyan ɗaya bambancin 7,500 ne, kuma mai sayar da siminti ba ya daɗewa bai yi cinikin miliyan ba. Git bai yi ƙorafi ba wurin haɗewa, don fayilolin daban ne, shi kuwa layin da aka taɓa sau biyu kawai yake kamawa, bai san ma'ana ba. To gwajin fa, ya aka yi ya yi kore? Da muka bi tarihin, sai muka ga ɗan aike na uku, wanda aka ce ya tabbatar duk gwaji ya wuce, ya tarar da jimillar rahoto ba ta yi daidai da abin da gwajin ke jira ba, sai ya canza adadin da ke cikin gwajin. Layi ɗaya ja, layi ɗaya kore, a tsakiyar ɗaruruwa. Bai yi ƙarya ba, ya ma rubuta a bayaninsa cewa ya daidaita gwajin. Ba wanda ya karanta ne.

Da muka ci gaba sai ga sauran. Kuɗi da ɗigo da sifili biyu a baya, kamar sefa na da santim a kasuwa. A wani wuri an rubuta XOF, wato sefar Nijar da Senegal, maimakon XAF tamu ta bankin BEAC. Lambar waya sai mai lamba 10 kamar ta Faransa, alhali tamu 9 ce tun 2014, ta hannu kuma da 6 take farawa. Wurin rajistar mai bashi an wajabta rana da wata da shekarar haihuwa, a garin da dattawa da yawa takardarsu cewa ta yi an haife su wajejen shekara kaza. Littafin bashin kansa bai san mutum zai iya ɗaukar buhu ashirin ya biya kuɗin bakwai, ya dawo da biyu, ya turo ɗansa da ragowar bayan kasuwar Pitowa ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ɗan aike in an gaya masa. Amma ba a samun abin gaya masa sai an san shagon, ba a kuma gane ya kauce sai an karanta. Waɗannan na'urori sun koyi aiki ne daga tarin rubutun da galibinsa na Amurka ne da Turai, duk inda ka bar musu giɓi da al'adar can za su cike shi. Ke nan buƙatarmu ta karatu ta ma fi ta mutumin Paris, don shi in na'urar ta yi zato sau da yawa zaton daidai ne.

Batun kuɗi ba zan daɗe a kansa ba. A 2025 biyan wata da aka saba yi wa waɗannan kamfanoni dalar Amurka 20 ne, wajen sefa dubu goma sha ɗaya zuwa sha biyu gwargwadon canji, manyan kuma har 100 da 200. Ƙaramin ba ya jure 'yan aike biyar, don kowannensu sai ya karanta aikin daga farko, kuma kowane karatu ana cire shi daga rabonka. Dala 200 ta haura sefa dubu ɗari, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin kamfanoni masu zaman kansu, ban da na noma, aka tsayar da shi a sefa 60,000 a 2023. Ga shi sai da katin da ke biya a waje. Wanda ya ci bashi ya sayi babban, dole ya cika allonsa don ya ji kuɗinsa ba su tafi a banza ba, daga nan kuma sakacin ke farawa.

Abin da ya fi kuɗi nauyi shi ne amana. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mai sana'a, tela ne ko marini ko maƙeri, shi ke lamunin kayan mutane da suka lalace a hannunsa, sai in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. In yaron shagonsa ne ya ɓata, maigidan ake tuhuma. Ban ga dalilin da zai sa mai rubuta manhaja ya fita daga wannan hukunci ba don yaron nasa na'ura ce. Alhaji bai ƙulla ciniki da wani kamfani a Amurka ba, da kai ya ƙulla, ya san gidanku, watakila ma sahu ɗaya kuke tsayawa da Asuba. Ranar da masu haraji suka zo suka ga rasit da rahoto sun saɓa, "ɗan aike ne ya yi" ba magana ba ce.

Akwai wani maɓalli a irin waɗannan manhajoji da ke amsa "e" ga duk abin da ɗan aike ya nemi izini a kai. Na san me ya sa ake kunna shi: in biyar suna ta tsayawa suna tambaya, mutum yakan gaji. Amma tambayar nan ita ce kaɗai katangar da ke tsakanin na'urar da goge fayil, ko aika wani abu waje, ko taɓa rumbun bayanai na gaske. A Yulin 2025 ɗan aiken wani kamfanin Amurka ya goge rumbun bayanan wani ɗan kasuwa da ke gwada shi, alhali an gaya masa kada ya taɓa komai, har shugaban kamfanin ya fito ya amsa cewa bai kamata hakan ta yiwu ba. In za a kunna maɓallin, a kunna shi a keɓaɓɓen wuri, inda babu kalmar sirrin kowa, babu makullin Mobile Money, babu bayanan gaske. Sunayen marasa lafiyar wani asibiti ko makin ɗaliban wata makaranta ba kayan gwaji ba ne, kuma duk fayil ɗin da ɗan aike ya buɗe, abin da ke ciki ya tafi ƙasar waje ke nan. Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutane a Disamban 2024, amma ko da babu doka, mai aikin ya cancanci a gaya masa inda takardunsa ke zuwa.

Na san abin da samari za su ce, sun ma faɗa mini a ido: ku manya kuna kare tuwonku ne, kun sha wuya kun koya, ba ku so mu samu da sauƙi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Yaron Marwa da ba shi da kamfani, ba shi da jarin ɗaukar ma'aikata, yanzu zai iya karɓar aikin da a da sai kamfanin Duwala ko Yawunde. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yankin da aka saba a kawo masa komai daga kudu, kuma ba ni da niyyar in rufe wa kowa wannan ƙofa. Tsorona daban ne. Ƙananan ayyukan da ake miƙa wa 'yan aike yau, gyaran fom, rubuta gwaji, bin kuskure guda yini sukutum, su ne ayyukan da a da ake ba ɗan koyo har idonsa ya buɗe. Mai iya dubawa ta nan ya fito. In duk an miƙa su, nan da 'yan shekaru za mu wayi gari da masu raba aiki da yawa, masu dubawa ƙalilan, manhajojin asibitoci da makarantu da ƙananan bankunanmu kuma cike da rubutun da ba wanda ya taɓa karantawa.

Shi ya sa nake ganin maganar ta shafi jami'o'inmu, ta Ngaundare da aka buɗe a 1993, da ta Marwa ta 2008, da ta Garwa da aka kafa a 2022, da cibiyoyin koyarwa masu zaman kansu da suka cika gari. Hana ɗalibai amfani da 'yan aike ɓata lokaci ne, ba mai iya tsare wannan. Jarrabawar ce ya kamata ta canza. A ba ɗalibi aikin da na'ura ta rubuta, layi ɗari uku, da kurakurai uku a ɓoye, gwaji duk kore, a ce ya nemo su ya bayyana dalili da bakinsa. A koyar da Git tun shekarar farko, ba a bar shi sai ɗalibi ya je koyon aiki ba. Wanda ya kawo aikin kammalawa a nuna masa kowane layi a tambaye shi me ya sa, in ya amsa ba ruwan kowa da wanda ya buga haruffan.

Ba kuma cewa nake kada a taɓa sakin fiye da ɗaya ba. Akwai ayyukan da yawan ke da amfani a cikinsu: waɗanda ba su taɓa juna, kuma duba su bai da wuya. Ɗaya na juya rubutun manhaja daga Faransanci zuwa Turanci, tunda ƙasar harshe biyu take aiki da su, ɗaya na rubuta takardar bayani, kai kana tare da na uku a kan lissafin kuɗi, layi bayan layi. Ko ka ba uku matsala ɗaya, ka kwatanta hanyoyinsu, ka ɗauki ɗaya ka zubar da biyu. Ni dai a aikin da ya shafi kuɗin mutane biyu sun ishe ni, kuma ba na ba su aikin da canjinsa zai wuce abin da zan karanta a zama ɗaya. Wani ya fi ni ido, sai ya ƙara.

Akwai kuma abin da za mu iya yi tare, mai arha. Kusan duk waɗannan 'yan aike suna karanta wani fayil na ƙa'idoji kafin su fara aiki, wasu AGENTS.md suke nema, Claude Code kuma CLAUDE.md. Yanzu kowa nasa yake rubutawa, ko ma bai rubuta ba. Me zai hana masu sana'ar a Garwa da Marwa da Ngaundare da Injamena su haɗa guda na bai ɗaya, su sa shi a fili kowa ya ɗauka? A rubuta cewa kuɗinmu XAF ne kuma ba a raba shi da ɗigo, harajin kowace ƙasa a wuri ɗaya tak ake ajiye shi, lambar Kamaru 9 ce ta Chadi 8, lissafin kamfani tsarin SYSCOHADA yake bi wanda aka sabunta daga 2018, makin makaranta a kan 20 yake kuma kowane darasi da nauyinsa, ranar haihuwa na iya zama shekara kawai, suna na iya ɗaukar ɗ da ɓ da ƙ kuma bai zama dole ya rabu gida biyu ba, sannan ba a yarda a canza gwaji don ya wuce ba sai an tsaya an tambaya. Wannan ba ya buƙatar tallafin wata ƙungiya ko taron otal. Ƙungiyar ɗaliban kwamfuta ta kowace jami'a za ta iya fara shi a hutun ƙarshen mako, masu shaguna irin namu mu riƙa ƙara duk abin da muka ci karo da shi a wurin aiki.